Kama-Kar-Ka-Saki, Gam ɗin Tanimun

A Tsarnawa, nan bakin babbar hanya inda manyan motoci, kamyo, ke jeruwa lodin albasa, babu wanda bai san Tanimun ba, don ko mutum bai neme shi ba muryarsa za ta same shi. Shekara bakwai ya yi a Legas, ya dawo da akwati ɗaya, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da labari cike da baki. In ji shi, a wata babbar izin, wato masana'anta, ya yi aiki, inda ake yin kwali da leda da takarda mai sheƙi wadda ruwa ba ya ci, kuma shi ne babba a ɓangaren gam.

Mato mai gyaran babur, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, ya ji wata magana daban daga bakin wani direba.

"Ni kau an ce min bakin ƙohwa anka gan ka, da sanda da usur," in ji Mato.

"To ta ina gam ɗin ka shiga izin in ba ta ƙohwa ba?" in ji Tanimun. "Duk duro da za shi shiga, sai na ɗaga mishi ƙarhe. Duk wanda za shi hita, sai na shinshina shi. Su injiniyoyin karatu sunka yi, ni hanci gare ni."

A shekarar ƙungiyar manoman albasa ta unguwarsu ta samu babban mai saye, Alhaji Sadiƙu, ɗan kasuwa daga Konni mai kai kaya Abijan. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowane buhu ya tafi da takarda manne a jikinsa mai sunan ƙungiya, wadda ruwan saman kudu ba zai wanke ba, don bara an cakuɗa masa kaya da na wani gari a hanya, aka yi ta rigima. Aka bugo takardun guda ɗari uku, kowace da hoton albasa ja. Aka gwada kunun fulawa, ya bushe ya zube. Aka gwada ƙaro, raɓa ta kwance shi.

Parzidan na ƙungiyar, wato shugabanta, shi ne Alhaji Yahuza, wan Zalika matar Tanimun, mutum mai ƙarancin magana, wanda tun ranar da aka ɗaura auren ƙanwarsa bai taɓa ce wa Tanimun madalla ba. Wannan abu yana cin Tanimun fiye da yadda yake nunawa. Da Alhaji ya tara mutane ƙarƙashin rumfa ya ce zai aika Sakkwato a sayo gam na kamfani, sai Tanimun ya miƙe, alhali ko fangali ɗaya na albasa ba shi da shi.

"Alhaji, abin kunya na a tsallaka iyaka neman gam ina raye cikin garin nan. Ku ba ni kwana goma. Za ni haɗa muku wanda ko a Turai babu irinai. A baya shi manne, a gaba shi ruhe takarda kamar leda. Ruwa ba ya ci nai, rana ba ta ci nai, gara in ta gan shi sai ta sake hanya."

"Mi sunan shi?" wani ya tambaya.

Tanimun bai shirya suna ba, amma bakinsa ba ya jiransa. "Kama-Kar-Ka-Saki."

Alhaji Yahuza ya dube shi daga hula har takalmi. Mutanen rumfa suka ce a ba ɗan gida dama, in ya kasa Sakkwato ba ta gudu ba. Alhaji ya ce, "Kwana goma. Ranar lodi Alhaji Sadiƙu da kai nai za shi zo. Takardun kau suna hannuna sai ranar."

Washegari Zalika ta dawo daga rijiya ta iske tukunyar tuwonta a kan murhu, mijinta na tuƙi da muciyarta, tabarau a kan hanci. A ciki akwai ƙaro, da garin rogo, da yauƙin kuɓewa, da mazarƙwaila curi huɗu.

"Malam, miya kake ko kunu?"

"Fomula."

"Mazarƙwailar ta mi ta?"

"Ta sheƙi. Ke ba ki san kimiyya ba."

"Na san tukunyata dai."

Da abin ya huce sai ya rasa takardar gwaji. Ya shafa wa takardar buhun siminti irin wadda ake kawowa daga Malbaza, ta yi kyau, amma ya ce gwaji na gaskiya sai da takarda mai daraja. Mato na da takardar haihuwa wadda gumi ya cinye gefenta, don cikin hula yake ajiye ta shekara da shekaru. Tanimun ya ce zai yi mata rigar da ko rijiya ta faɗa a bushe za ta fito, kuma kyauta. Kalmar kyauta ce ta ci Mato. Aka shafa, aka shanya a kan danga, Tanimun ya shiga cin abinci.

Bayan dangar nan gidan Inna Hindu ne, tsohuwa mai akuya guda wadda take ji da ita kamar ɗiya. Mato ya zo karɓar takardarsa daidai lokacin da hatimin da ke jikinta ke shigewa bakin akuyar.

"Tanimun, ina takardata?"

Tanimun ya fito yana lasar yatsa, ya dubi danga, ya dubi akuya. "Tana cikin gwaji."

"Cikin akuya take."

"Akuyar ma cikin gwajin take."

"Yanzu ni ba a haihe ni ba ke nan," in ji Mato. "In jandarma sunka tsai da ni hanyar Illela sunka ce wane ne kai, akuya za ni nuna musu?"

Inna Hindu ta fito da sandarta. "Kar wanda ya taɓa min dabba. In cikinta ya ɓaci, ku biyu za ku yi jinya."

"Inna, shekaruna hamsin da biyu suna cikinta."

"To ka gaishe ta, yanzu sa'arka ta."

Mato ya ɗauko kujera ya zauna bayan akuya har la'asar, yana sa rai. Abin da ya fito babu hatimi a jikinsa. Shi kuwa Tanimun ya bi gari yana cewa ya haɗa gam wanda ko dabba in ta kama ba ta iya sakinsa.

Karo na biyu ya ce matsalar zaƙi ce. Ya cire mazarƙwaila, ya nemi duk abin da akuya ke ƙi: barkono mudu guda, madarar tumfafiya, da baƙin mai wanda ya kwaso bayan rumfar Mato ba tare da sallama ba. Don a samu rufi irin na leda kuwa, ya tsinto ledoji cike da buhu daga bakin tasha, ya zuba su cikin tukunya su narke.

Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin, ya tsaya kan unguwa kamar yana jiran wani. Liman na tsakiyar karantar da dattawa a ƙofar masallaci, atishawa ta fara daga na farko ta bi layi har na ƙarshe, ta dawo. Masu shayi suka kwashe butocinsu. Wani direban taksin garin Dogarawa ya tsaya ya buɗe bonet yana neman inda motarsa ke ƙonewa. Mata suka taru ƙofar gida, kowace da gefen zane a hanci, suna kiran Zalika ta fito ta faɗa musu abin da suka yi mata.

"Ni ma tambaya nika yi," in ji Zalika daga kan katanga, inda ta hau neman iska.

Da wuta ta mutu, abin da ke cikin tukunya ya sandare, muciya ta tsaya tsaye a tsakiya. Tanimun ya ja, ba ta fito ba. Ya ɗaga muciya, tukunya ta biyo ta. Fuskarsa ta cika da murna.

"Zalika, kin gani? Kin ga riƙo?"

"Na gani. Da mi za ni tuƙa tuwo?"

"Ke tuwo kike tunani, ni Abijan."

Ya saɓa muciya a kafaɗa, tukunya na reto a bayansa, ya zagaya kasuwa sau biyu don kowa ya shaida. Kafin abin ya sandare ya riga ya shafa kaɗan a kan wata takardar maganin da majo, malamin asibiti, ya rubuta wa Inna Hindu don ciwon gwiwa, wadda ta ba shi bisa sharaɗin zai daina hayaƙi. A gaban rumfar Mato ya tsoma takardar cikin bokiti, ya fito da ita, ruwa ya zame. Akuya ta shinshina ta juya baya.

"Ruwa bai taɓa rubutun ba," in ji Tanimun.

Mato ya juya takardar gaba da baya. Baƙa ce wuluk kamar gindin tukunya. "Ido ma bai taɓa shi ba."

"Wanga shi ake ce ma sirri. Ɓarawo ba shi iya karantawa."

"Mai kantin magani hwa?" in ji Inna Hindu. "Shi ma ɓarawo na? Ƙaƙa za shi san maganin da anka rubuta min?"

"Ki nuna mishi gwiwar, Inna."

Da sandar ta tashi, gwiwar tsohuwa ta nuna ba ta lalace kamar yadda ake zato ba, don sai da ta bi shi har bakin titi.

Saura kwana uku. Tanimun ya hau mota zuwa Konni, ya dawo da danƙo, da gwangwanin gam na masu gyaran takalmi, da wani farin gari a ƙulle wanda mai sayarwa da kansa ya ce bai san amfaninsa ba. Ya haɗa da farin ƙwai ashirin, ya dafa cikin tukunyar da Zalika ta aro gidan yayarta. Wannan karon abin ya fito garau kamar ruwan randa, ba wari, ba hayaƙi. Da safe ya taɓa, bai kama yatsa ba. Ransa ya ɓaci, ya watsa ludayi guda a kan katanga ya tafi yawo. Da rana ta take, ya dawo ya iske kazar Zalika tsaye a kan katangar tana fuka-fuki, ƙafa ta ƙi tashi. Takalminsa na roba, wanda ɗigo ya faɗa wa, ya zama ɗaya da dokin ƙofa.

Zalika ta lura cewa abin nan da sanyi ruwa ne, sai ya ji rana yake kamawa. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, amma ya riga ya fita kiran mutane su zo su ga kaza.

Da ya dawo ta ce, "Malam, ka gwada shi ga takarda?"

"Abin da ya riƙe kaza mai rai, takarda za ta gagare shi?"

"Ni dai tambaya na yi."

"Tambayarki ta mutanen da ba su je Legas ba ta."

Ranar lodi tun da hantsi fili ya cika. Buhu ɗari uku a jere, kamyo ya juya baya yana jira, 'yan dako sun tuɓe riguna. Aka ajiye dogon benci a fili don manya. Alhaji Sadiƙu ya zo cikin shadda ruwan bula mai aiki har ciki. Tanimun kuwa ya bayyana cikin farar riga irin ta likita, wadda ya aro wajen mai sayar da maganin dabbobi, da jarka a hannu ɗaya, da ƙwarya da buroshin fenti a ɗaya.

Manya ba su zauna ba tukuna, suna gaisawa. Ya ajiye ƙwarya a kan benci, ya tsiyaya gam har ya malala, ya share da buroshi daga wannan gefe zuwa wancan don kada a ga ɓarna. Da sanyin safiya abin kamar ruwa ne, nan da nan itace ya yi kamar ba a zuba komai ba. Alhaji Sadiƙu ya zauna a tsakiya, Liman a damansa, Mato ya lallaɓa ya zauna a hagu don kada komai ya wuce shi.

"Jama'a," in ji Tanimun, buroshi a sama, "a ƙasashen da sunka ci gaba gam iri biyu na: mai mannewa da mai ruhewa. Shekara ɗari suna neman su haɗa su, sun kasa. Ni na ɗaura musu aure cikin tukunyar aro."

Yana magana yana kaɗa buroshi, yayyafi na sauka kan mutane. Wasu suka shafa a fuska, suna cewa ai ko ƙamshi babu.

Alhaji Yahuza ya miƙa masa takardun da hannunsa. Tanimun ya shiga aiki: shafa baya, shafa gaba, ɗora kan buhu, danna da tafin hannu. Ba ya ƙyashin gam, kowane buhu sai da ya jiƙe rabi. Kafin rana ta ɗaga sosai an gama, takardu na sheƙi kamar madubi. Ya ɗauki buta ya kwarara ruwa kan buhun farko, ruwa ya gangare, hoton albasa na nan ja zur.

Fili ya ɗauki guɗa. Alhaji Sadiƙu ya gyaɗa kai daga kan benci ya ce, "Ban taɓa ganin irin wannan ba, ko a Kano." Alhaji Yahuza ya tako a hankali, ya tsaya gaban mijin ƙanwarsa, kamar mai haɗiye magani ya ce, "Madalla, Tanimun." Ya miƙa masa hannu.

Shekara goma sha ɗaya Tanimun na jiran kalmar nan. Ya kama hannun da nasa mai jiƙe da gam, ya ƙi saki da wuri. Ya ce a ɗauki hoto. Aka ɗauka. Ya ce rana ta shiga idonsa, a sake. Ya ce a juyo ta gefen kamyo. Ya ce a kira mai babbar waya. Rana na ta hawa, Alhaji na ta haƙuri.

"To, ya isa," in ji Alhaji.

"Ya isa," in ji Tanimun.

"Saki mana."

"Na saki, Alhaji. Kai na ba ka saki ba."

Alhaji ya ja, Tanimun ya biyo shi. Tanimun ya ja, Alhaji ya biyo shi. Suka tsaya suna duban hannayensu kamar na wasu mutane.

Daidai nan iska ta taso daga wajen fadama, ba mai ƙarfi ba, irin wadda ko hula ba ta turewa. Takardar buhun farko ta ɗaga kai, ta zame, ta faɗi. Ta biyu ta bi ta. Kafin a ce wani abu, takardu ɗari uku sun tashi suna yawo cikin fili, kowace tsaf da ita, a bushe, ko ɗigon gam babu a jikinta. Gam ɗin duka ya zauna a kan buhuna.

Wani ɗan dako da ya riga ya saɓa buhu ya kai bakin kamyo ya sunkuya don ya sauke, buhu ya ƙi sauka. Na bayansa ya zo taimako, ya dafa, ya zauna nan. Na uku ya ce ba a haka ake yi ba, ya rungumi buhun ta ƙasa. Su uku da buhu ɗaya suka shiga zagaya fili suna zagin juna. Waɗanda suka shafa yayyafi a fuska, wani gira ta haɗe da hula, wani gemu ya kama wuyan riga, yana magana kai a sunkuye.

Alhaji Sadiƙu ya ga kayan da zai kai Abijan sun zama dutse guda, ya yunƙura zai tashi. Benci ya ce tare za mu. Liman da Mato suka ji an ɗaga su ba shiri. Su uku suka miƙe a rankwafe, benci manne a bayansu.

"Malam, mu yi dama," in ji Alhaji Sadiƙu.

"Damarka ko tawa?" in ji Liman.

"Ni dai duk inda kunka yi ina biye," in ji Mato. "Ba ni da takarda, ba ni da zaɓi."

Alhaji Yahuza ya juyo da fuska kusa da ta Tanimun, don ba shi da halin nisa. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gam ɗin takarda munka ce ka yi."

"Alhaji, a duba da kyau. Ya kama itace, ya kama shadda, ya kama buhu, ya kama mutum. Abu ɗaya tak ya rage."

"Wane?"

"Takarda."

"Ita munka aike ka."

"Takardar Konni ta, Alhaji. Ba ta da kwaliti."

Aka kawo man gyaɗa, aka zuba, hannaye suka yi santsi ta waje, ciki na nan daram. Aka kawo kananzir. Aka kawo sabulu. Wani ya ce a ja, mutum biyar suka kama ƙugun Alhaji, biyar suka kama na Tanimun, aka ja har rigar likita ta rabu biyu, aka zube ƙasa gaba ɗaya, aka tashi da ƙarin mutum biyu manne a kafaɗar Tanimun. Wanzami ya zo ya zaro aska ya ce shi yana da dabara, Alhaji ya ce ya mayar da dabararsa cikin zabira.

Azahar ta matso. Wani dattijo mai gemu manne da riga ya tambayi Liman yadda mutum biyu masu hannu ɗaya za su yi alwala. Liman, a rankwafe ƙarƙashin benci, ya ce ya yi karatu Sakkwato shekara tara bai ci karo da wannan mas'ala ba, kuma a fara fitar da shi tukuna. Alhaji Yahuza kuwa, wanda ya sha shayi kofi uku tun safe, ya fara canza ƙafa, gumi na keto masa.

"Tanimun," ya ce cikin raɗa, "ina son zagayawa."

"To mu tahi, Alhaji. Ni mai ruhe ido na."

"Gara in mutu nan."

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne maganar Alhaji Sadiƙu. Ya ce da zarar ya rabu da bencin nan, ko da wando ko babu, zai juya kamyonsa zuwa Galmi, albasa ba a Tsarnawa kaɗai take ba. Wahalar rani guda ce a cikin buhunan nan, ban ruwa safe da yamma, kuma albasa ba ta jiran a gama rigima. Tanimun ya dubi fuskokin manoma, karo na farko ya sunkuyar da kai.

Sai ga Zalika ta ratso taro da bokiti a ka, tururi na tashi. Ta ɗebo da moɗa ta tsiyaya tsakanin benci da shaddar Alhaji Sadiƙu, ta ƙirga goma a ranta, ta ce, "Tashi, Alhaji." Ya tashi tsaye cak, shadda ko zare bai fita ba. Ta saki Liman. Ta saki Mato. Ta bi 'yan dako, ta bi masu gemu, ta cire biyun da ke kafaɗar Tanimun, ta ce wa mata su je su ɗora manyan tukwane don buhuna.

"Mene ne wannan, Hajiya?" in ji Alhaji Sadiƙu yana shafa bayansa.

"Ruwan tsamiya na, da ɗumi."

"Ke kin san da wanga kika yi shiru?" in ji Tanimun.

"Kwana goma ina wankin rigunanka da ƙwaryata. Ka taɓa tambaya da mi?"

Ta juya ga mai saye ta ce in takarda yake so a jikin buhu, a sa kowace cikin 'yar ledar ƙulla gyaɗa, a ɗinke da basilla a bakin buhu, ruwa ba ya shiga, iska ba ta ɗauka. Alhaji Sadiƙu ya ce in an gama kafin magariba, kamyonsa na nan.

"Wanga ai shi na mataki na huɗu cikin tsarina," in ji Tanimun.

Saura mutum biyu a tsakiyar fili, hannu cikin hannu, Zalika kuma ta ajiye moɗa.

"Zalika," in ji Alhaji Yahuza, yana ta canza ƙafa, "ni wanki na, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na sani, Yaya. Shi nika jira. Shi hwaɗa gaban Liman cewa ba shi ƙara dahwa abin da ba a ci cikin gidana."

"Kimiyya ba ta..."

Alhaji ya matse hannun da ke cikin nasa har ƙashi ya yi ƙara.

"Na hwaɗa," in ji Tanimun. "Liman shaida na."

Ta tsiyaya. Hannaye suka rabu da ɗan sauti kamar an cire ƙafa daga laka. Alhaji Yahuza ya fizgi buta daga hannun wani, ya bi bayan rumfa da saurin da ba a taɓa ganin parzidan ya yi ba.

Da ya dawo fuskarsa ta sauko, mutane na tsintar takardu, mata na wanke buhuna. Tanimun ya gyara abin da ya rage na rigar likita, ya tako gabansa.

"Alhaji, a yi haƙuri. Aikin bincike haka ya gada." Ya miƙa hannu.

Alhaji ya dubi hannun, ya zura nasa biyu cikin aljihu. "Na haƙura. Daga nan."

Tanimun ya juya ga Alhaji Sadiƙu, shi kuma ya tuna yana da kira a waya. Ya juya ga Liman, Liman ya naɗe hannayensa cikin rawani ya ce gaisuwar baki ma gaisuwa ce. Mato ya koma bayan kamyo. Duk inda hannun ya nufa, taro sai ya buɗe hanya. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, tafin hannu a buɗe, yana jiran ko mutum ɗaya.

Zalika ta zo ta ɗora masa basilla da ƙullin zare a ciki, ta nuna masa buhun farko.